Gyaran allon tsakiyar jirgina a wani shago da ke Ubhur

A bara na sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu, irin mai tafiya da iska, wanda tsawonsa bai kai mita biyar ba, nake fita da shi ranar Juma'a da safe a mashigin Ubhur da ke arewacin Jidda. Ba a daɗe ba na fara jin ƙwanƙwasa daga ƙarƙashinsa duk lokacin da igiyar ruwa ta buge shi, sannan ruwa ya riƙa taruwa kusa da akwatin allon tsakiya, wato allon nan da ake saukarwa cikin ruwa domin ya hana iska tura jirgi gefe, a ɗaga shi idan an zo wuri marar zurfi ko kan duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa. Sau biyu na ɗaure notin da allon yake juyawa a kai da sifana, sau biyu yana kwancewa.

Wani maƙwabcina ne ya nuna mini shagon wani dattijo Bahaushe, haifaffen Bur Sudan, wanda kowa ke kira Usta. Ya girgiza allon da hannu ɗaya kawai, ya ce, "Alhaji, notinka ba shi da laifi, mazauninsa ne ya ruɓe." Da ya zare shi kuwa sai ga ramin ya buɗe ya zama kamar ƙwai, katakon da ke tsakanin faiban, wato robar nan mai tauri da aka lulluɓe katakon da ita ciki da waje, ya sha ruwa har yana marmashewa, ashe ɗaurin da nake yi ƙara murƙushe shi yake. Ya kuma nuna mini farin garin da ya taru inda aka haɗa notin ƙarfe da faifan alminiyam, ya ce ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu cikin ruwan gishiri, alminiyam ne yake cinyewa. Ga shi gishirin Bahar Maliya, tekun da Jidda ke bakinsa, ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna wajen 35 ne.

Aikinsa ya burge ni ƙwarai. Ya faɗaɗa ramin, ya kankare ruɓaɓɓen katakon, ya bar wurin ya bushe, sannan ya cika shi da gam ɗin efoksi, bayan ya sandare ya sake huda sabon rami daidai kaurin notin, ta yadda ko ruwa ya kurɗa ba zai tarar da katako ba. Bayan sallar asuba yake haɗa gam ɗin, saboda zafin rana a Jidda yana sandarar da shi tun kafin a gama shafawa. Ya sa noti na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, wanda ya fi mai lamba 304 jure gishiri, da washa ta roba ciki da waje, ya kuma musanya igiyar ɗaga allon duk da ban roƙe shi ba.

Inda na ga gazawarsa shi ne cika alkawari. Kwana huɗu ya ce mini, sai da aka yi sha ɗaya. Na yarda cewa damshin iskar garin yana jinkirta bushewar katako, amma ɗaukar waya ba ta buƙatar bushewar komai. Bai rubuta mini rasit ba sai da na matsa, kuma kuɗin ya ɗan haura abin da muka yi ciniki, ko da yake ya baje mini tsofaffin kayan da ya cire a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya.

Makonni shida ke nan ina fita da jirgin, har da ranar da iskar arewa ta yi ƙarfi sosai, ban ji ƙwanƙwasa ba, kuma soson da nake ajiyewa gefen akwatin a bushe nake mayar da shi gida. Zan kai masa abin tuƙin jirgin a wata mai zuwa, amma sai mun rubuta rana da farashi tukuna.