Babban ayan ko ƙarami mai daidaita zafi: wanne ya fi dacewa da wayar batir mai kauri?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu daga Mabera ya kawo tambaya. Yana haɗa jirginsa maras matuƙi mai farfela huɗu, ya zo liƙa konekta XT60 a wayar batir mai lamba 12 AWG (ma'aunin kaurin waya ne), sai dalma ta ƙi bin waya, ta dunƙule a sama, robar konektan kuma ta yi laushi har ƙarfen ciki ya karkace. Ayan ɗinsa, wato ƙarfen da ake narka dalma da shi, mai wat 40 ne, mai tsinin baki. Abin da yake son sani shi ne, ya sayi babban ayan mai wat 100 irin na kasuwa, ko ya daure ya tara kuɗin irin su TS100 da T12 masu daidaita zafi?

Ɗan'uwa, ayan ɗinka yana da zafin da ya isa ya narkar da dalma. Dalmar 63/37, wato mai kashi 63 kuza da kashi 37 led, tana narkewa ne a digiri 183, bakin ayan ɗinka kuwa idan ya daɗe a jone ya wuce haka nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne kaurin wayar. Jan ƙarfen da ke cikin 12 AWG ya kai murabba'in milimita 3.3, kuma jan ƙarfe na jan zafi da sauri ƙwarai. Kana ɗora tsinin bakin nan, waya ta kwashe ɗan zafin da ya tara ta wuce da shi can cikin tsawonta. Sai ka tsaya kana dannawa har kusan minti guda, wurin bai kai zafin da dalma za ta gudana ba, amma ya isa ya tausasa nailan ɗin da ke riƙe da ƙarfen. Ashana da garwashin murhu duk wuta ne, amma ba a tafasa tukunya da ashana.

Babban ayan ya fi kowa a wannan fanni. Bakinsa guntun jan ƙarfe ne mai nauyi da faɗi, ya tara zafi mai yawa, yana taɓa kofin konekta, wato ramin da waya ke shiga, yake juye zafin gaba ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi dalma ta bi waya, ka ɗaga hannu tun roba ba ta ji komai ba. Ga araha, ga shi ana samunsa a shagunan kayan wuta na cikin gari ba sai an yi oda ba. Idan aikin babbar konekta XT90 ne da waya 10 AWG, wadda jan ƙarfenta ya haura murabba'in milimita 5, shi nake ɗauka ba tare da shawara ba.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Ba ya sanin iyakar zafinsa, idan ka bar shi a jone baki ya ƙone ya yi baƙi, dalma ta daina kama shi, sai ka goge ka sake shafa masa sabuwa. Yana ɗaukar mintuna kafin ya yi zafi. Sannan duk ƙarfinsa ya rataya ne a kan wutar da ke soket. An yi shi ne don bolt 220 zuwa 230, kuma idan bolt ya sauka, ƙarfin ayan yana sauka fiye da haka, domin da ninkin bolt a kansa ake lissafinsa. Ranar da wuta ta zo da rauni ta tsaya a 180, kamar yadda kowa ya sani tana yi lokacin bazara da kowane gida ya kunna fanka da firji, ayan mai wat 100 na bolt 230 zai ba ka kusan wat 61 ne kawai. Kuma kada ka kuskura ka kai shi kan allon sarrafa jirgi ko ƙananan wuraren liƙin ESC, na'urar da ke sarrafa gudun injin farfela, zai ɗaye su.

TS100 da masu bakin T12 wata hanya suka bi. Abin ɗumamawa da ma'aunin zafi duk suna cikin bakin kansa, saboda haka da waya ta fara satar zafi, nan take ayan ya ji ya ƙara wuta. Daƙiƙoƙi kaɗan yake yi ya shirya. Da shi za ka liƙa wayoyin injin farfela, da na kyamara, da na risiba mai karɓar umarnin rimot, ka dawo ka yi XT60. Amma da sharaɗi biyu, kuma a nan mutane da yawa ke saya su yi da-na-sani. Na farko, wat 65 ɗin da aka rubuta wa TS100 sai a bolt 24 yake samuwa. Idan ka jona shi a batirin bolt 12 bai kai wat 20 ba, ka koma ƙasa da inda ka fito. Na biyu, bakin da ya kan zo da shi siriri ne, na ƙananan ayyuka. Sai ka nemi mai faɗi, C4 ko D24, idan T12 ne kuma har D52 akwai. Da faffaɗan baki da bolt 24, ka sa shi tsakanin digiri 380 da 400, waya 12 AWG ba ta gagararsa. A 10 AWG ne yake fara haki.

Abin da ya ƙara masa daraja a wurina a nan Sakkwato shi ne bai damu da wutar gari ba. A fili ma batirin jirgi na iya tayar da shi. Ka dai lura cewa batir mai sel shida (6S) idan ya cika yana kaiwa bolt 25.2, ya ɗara iyakar da aka rubuta wa TS100, shi kuwa mai sel huɗu (4S) a bolt 16.8 kusan rabin ƙarfi zai ba ka.

Ko wanne ka riƙe, akwai abin da ke taimakonsa. Yawancin batura daga masana'anta da dalma marar gubar led ake liƙa su, wadda sai ta kai wajen digiri 217 take narkewa, don haka ka yanke tsohon bakin wayar ka feƙe sabo. Ka yi aiki da fulaks, man da ke sa dalma ta kama ƙarfe, na rozin, ban da mai asid na masu liƙin kwano da radiyeta, domin yana cin waya daga ciki bayan watanni. Ka kawar da fanka daga kan aikin ko da gumi na zuba, iskarta na shanye zafin wurin. Buɗe taga ya isa don hayaƙi. Wutar gas kuwa kada ta kusanci batirin LiPo, wato batirin jirgin.

Kafin ka fara, ka cusa ɗayan konektan a cikin wanda kake liƙawa, shi zai riƙe ƙarfen a miƙe ko roba ta ɗan yi laushi. Ka zura robar tsukewa, wadda za ta rufe liƙin, a waya tun farko. Ka cika rabin kofin da dalma, ka shayar da bakin wayar har dalma ta shige tsakanin silallanta, sannan ka haɗa su ka danna da faɗin baki ta yadda zai taɓa duka biyun. Za ka ga dalmar ta yi ruwa tana sheƙi, waya ta nutse cikin kofi. Ɗaga ayan, riƙe waya da filaya kada ta motsa har ta daskare. Macen konekta ce ke zama a batir, gefen da ya miƙe shi ne na jar waya, mai yankakkun kusurwa na baƙa, kuma akwai alama a jiki. Waya ɗaya ake yankewa, a liƙa, a rufe, sannan a taɓa ta biyun. Almakashi ɗaya a kan wayoyi biyun batirin LiPo gobara ce.

Tunda jirgi kake haɗawa gaba ɗayansa, kuma wayarka 12 AWG ce, shawarata ka sayi mai daidaita zafin, tare da faffaɗan baki da abin ba shi wuta mai bolt 24, a lissafa su cikin kuɗin tun farko. Idan kuma aljihu bai kai ba yanzu, babban ayan zai raba ka da matsalar XT60 yau ɗin nan, ka ci gaba da ƙananan liƙi da wanda ke hannunka. Ranar da ka koma babban jirgi mai XT90, irin na feshin gona ko ɗaukar babbar kyamara, za ka buƙaci babban ayan ko da ka mallaki ɗayan.

Wannan konektan da ya karkace kuwa, cire shi ka jefar, ƙarfen da ya motsa a cikin roba ba ya sake zama daram. Sabon idan ka gama, ka ja wayar da ƙarfi da hannu, sannan bayan tashin farko ka taɓa shi da yatsa. Ɗan ɗumi ba komai, amma idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, a sake liƙin kafin jirgi ya ƙara tashi.