Kantin maganin Tudun Wada da ya ƙi sayar mini da Augmentin

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Zariya, 'ya'yana huɗu, kuma shekara da shekaru kemis ɗin bakin layinmu nake aike. Ka faɗi suna, a miƙo maka, ka biya. Abin da ya kai ni wannan kanti na Tudun Wada ranar wata Laraba da yamma shi ne na zaga wurare biyu ban samu maganin da likita ya rubuta wa ɗana na biyu ba. Shekararsa 9, kunne ke damunsa, ga zazzaɓi. Augmentin na ruwa aka rubuta masa.

Matar da na tarar famasis ce, wato wadda ta karanci ilimin magunguna, takardar shaidarta na rataye a bango bayanta. Ta karɓi takardar, ta ɗauko kwalbar har ta ajiye a kan kanta, sai ta ce, "Hajiya, akwai maganin da bai karɓe shi ba?" Na ce akwai, ni ya gado, ni ma kulorokwin ba ya karɓa ta. Na zaci magana ta ƙare. Sai ta ce in bar batun gado tukuna, in gaya mata abin da ya same ni daban, abin da ya same shi daban.

Nawa kowa ya sani. Duk wanda ya tashi kafin a daina ba da kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro a 2005 ya san wannan ƙaiƙayin, tafin hannu da tafin ƙafa, kwana biyu ba barci, amma fata lafiya lau, ko ƙurji ɗaya babu. Na yaron kuwa bara ne. Wani mai kemis ya ba shi Ampiclox saboda maruru. Ko rabin awa ba a yi ba jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe ya kumbura, ido ya kumbura. Muka ba shi Piriton, muka shafa masa man ja kamar yadda kakarsa ta ce, zuwa dare ya lafa. Ban taɓa faɗa wa likita ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba, shi ma likitan bai tambaya ba.

Ina gama magana ta mayar da kwalbar cikin kabad. Ta ce ba za ta sayar mini ba. Wallahi a lokacin raina ya ɓaci, ga yaro a gida yana kuka, ga magariba ta gabato. Amma ta kwantar da murya ta yi mini bayanin da har yau nake juya shi. Ta ce mu Hausawa kalma ɗaya muke yi wa abu biyu, komai "bai karɓe ni ba", alhali tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Wani abin jiki ne kawai ba ya iya ɗauka da daɗi: ya sa tashin zuciya, ko ɗacin baki irin na Flagyl, ko ƙaiƙayin kulorokwin, wanda aka san ya fi kama baƙar fata. Wannan wahala ce, tana wucewa, kuma yawanci gwargwadon abin da aka sha gwargwadon wahalar. Wani kuma garkuwar jiki ce da kanta take ɗaukar maganin a matsayin maƙiyi ta tayar masa. Wannan ko ɗan kaɗan ya isa, kuma don karon farko ya zo da sauƙi ba shi ne na biyu zai zo da sauƙi ba. Yana iya kumbura maƙogwaro, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka cikin mintuna.

Sannan ta nuna mini rubutun jikin kwalin. Amoxicillin da ke cikin Augmentin, da ampicillin da cloxacillin da ke cikin Ampiclox, duk dangin penisilin ne. Suna ne ya bambanta, gida ɗaya suka fito. Nan jikina ya yi sanyi. Da na samu maganin a kanti na farko, da tuni na ɗura masa.

Ta sa na kira lambar da ke kan takardar, ta yi magana da likitan da kanta cikin girmamawa, ya canza zuwa wani da ba dangin penisilin ba. Ta yanko ɗan kwali ta rubuta sunan dangin maganin da abin da ya faru, ta ce in haɗa da katin asibitinsa, in kuma sa a rubuta a fayil ɗinsa. Ta ja kunnena cewa idan ya sake faruwa har na ji numfashinsa na fita da ƙara ko muryarsa ta shaƙe, kada in tsaya jiran Piriton ya yi aiki, allurar adiranalin ake buƙata, in nufi asibiti mafi kusa. Mu daga birni asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya fi mana kusa a kan asibitin koyarwa na Shika.

Da na koma bayan mako ɗaya, da safe babu cunkoso, sai na kawo mata ƙarar maigidana. Shi kullum cewa yake madara guba ce a jikinsa. In ya sha shayi mai kauri, bayan awa ɗaya ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har gudawa. Amma fura da kindirmo yana sha lafiya, abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ta ce wannan ya fi kama da nau'in farkon nan, wanda jiki ne kawai ba ya iya ɗauka da daɗi. Akwai wani sukari a cikin madara, laktos, wanda hanjin manya da yawa ke rage iya narkar da shi bayan yaye, sai ya wuce ƙasa ya yi tsami ya tara iska. Nonon da ya kwana ya yi tsami kuwa an riga an cinye wani ɓangare na sukarin, shi ya sa ya fi sauƙi. Fulani da yawa suna riƙe wannan ƙarfin har girma. Ta ce ya rage yawan madarar ya gani. Ya rage, kuma an samu sauƙi. Mai borin madara na gaske kuwa, in ji ta, furotin ɗin madarar ne garkuwarsa ke faɗa da shi, don haka kindirmo ma ba zai ƙyale shi ba. Haka mai borin gyaɗa, ba ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa kaɗai zai guda ba, har yajin tsire, tunda da garin ƙuli ake haɗa shi.

Ta ƙara mini da ɗaya da ban tambaya ba: Septrin da Fansidar dukkansu akwai salfa a ciki, kuma nasu borin yana iya jinkiri kwanaki, ya fito da gyambon baki, jan ido da saɓulewar fata. Wanda ya ga haka ya daina sha nan take, ya tafi asibiti.

Yanzu abin da bai yi mini ba a kantin. Kayansu sun fi na kemis ɗin unguwa tsada, maganin da aka canza mana na tarar da bambancin kusan N500 da wani wurin. Benci ɗaya ne, kuma bayan la'asar layi har ƙofa, domin tana ɗaukar lokaci da kowa. Na'urar POS ɗinsu ta ƙi aiki sau biyu, sai da na tsallaka titi na ciro kuɗi. Wanda ya fi damuna shi ne ranar Asabar da na aiki babbar 'yata, matar ba ta nan, wani saurayi ne a kan kanta, ya miƙo mata magani bai tambaye ta komai ba. Na faɗa wa famasis ɗin ranar Litinin, ta karɓa ba gardama, ta ce za ta yi masa magana. Don haka in za ku je da takardar yaro, ku je ranar aiki da hantsi, ku tambaya ko tana nan. Ni dai na mayar da sayen maganin gidana can, kuma kwalin nan da ta rubuta na kai an yi mini kwafi uku: ɗaya a jakata, ɗaya wurin kakarsa a Gyallesu inda yake yin hutu, ɗaya wurin malamin ajinsu.