Iyayen Gombe ku yi hattara da mai "rijistar kwaman entirans" ɗin nan na WhatsApp

Assalamu alaikum. Na yi kwanaki ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, Baban Ummi ma cewa ya yi in bar wa Allah kawai. To na bar wa Allah ɗin, amma jiya da daddare maƙwabciyata ta miƙo min wayarta na ga mutumin nan ya sake buɗe wani giruf da sabon suna da sabuwar lamba, muryar dai ita ce, sallamar ita ce, kuma har iyaye sun fara tururuwa ciki. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Shi ya sa na ce yau sai na faɗa ko mutum ɗaya ne ya tsira.

'Yata Ummi bana ta gama aji 6 na firamare. Tun tana aji 4 ba ta da zance sai na makarantar 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Bajoga, saboda 'yar yayata can ta yi, duk hutu in ta dawo sai Ummi ta zauna gabanta tana tambayarta yadda ɗakin kwanansu yake da me suke ci. Wanda bai sani ba, makarantun nan na haɗin kai irin su Bajoga da Billiri a nan jihar, ko Azare da ta 'yan mata ta cikin garin Bauchi, ba a shigarsu sai yaro ya zauna jarabawar kwaman entirans ta ƙasa, wadda hukumar NECO ke shiryawa sau ɗaya a shekara. Sau ɗaya fa. In ta wuce ka sai baɗi.

Ni ɗinki nake yi a gida a Pantami, babansu kuma yana Tudun Hatsi tun safe sai magariba, babu wanda ya taɓa yi wa yaro irin wannan rijistar a cikinmu. Ana cikin haka wata a giruf ɗinmu na adashe ta turo hanyar shiga wani giruf, wai na iyayen masu zana kwaman entirans ne. Na shiga. Kuma gaskiya abin da ya ruɗe ni ke nan, mutumin bai fara da maganar kuɗi ba sam. Kusan wata guda kullum bayan la'asar sai ya turo tambayoyin shekarun baya, lissafi, Turanci, da waɗancan na gwajin basira masu zane-zane da ake cewa a cike gurbi, washegari ya turo amsa da bayani a murya, a natse, yana cewa iyayena mata ku dage da addu'a, ilimin 'ya mace amana ce. Kyauta. Ummi har jiran sa take, ta ɗauko littafinta ta zauna gefen keken ɗinkina tana yi. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka.

Sai rana ɗaya ya ce an buɗe rijista, kuma shafin yana wahala, 'yan kafe suna lalata wa yara suna da ranar haihuwa, shi zai ɗauke mana wannan nauyin. Naira dubu 48 kowane yaro, wai har da kuɗin fom da lesin na musamman da abin da ya kira tabbacin gurbi, don yana da mutum a sama. Na tura dubu 25, bayan sati biyu da na ɗauki adashe na cika dubu 23. Da na je wajen mai POS sunan da ya fito a kan akawun ɗin daban ne da wanda Malam ke amsawa, yaron ma sai da ya ɗago ya ce Hajiya kin san mai akawun ɗin nan kuwa? Na kira shi a take, ya yi dariya ya ce na ƙaninsa ne, nasa ya cika ba ya karɓar kuɗi. Na yarda. Nan ne wurin da har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

Bayan kwana uku wani yaro mai keke napep ya kawo silif har ƙofar gida. An yi masa laminetin, ga hoton Ummi da farin hijabinta, ga tambari, ga lambar jarabawa, ga sunan santa. Na sa shi ƙarƙashin zannuwana a cikin akwati don kar ƙannenta su taɓa.

Ranar Asabar ɗin jarabawar tun asuba ta tashi, ta yi wanka, ta sa yunifom ɗin da na goge mata da daddare, fensir HB guda uku babanta ya fiƙe mata da reza da hannunsa. Muka isa santa kafin ƙarfe 8. Yara sun yi layi ana duba su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta malamar ta karɓi silif ɗin, ta bi takardar sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake komawa sama, ta juya shafi. Sai ta kira wani jami'i. Shi ne ya duba ya ce min a hankali, Hajiya lambar nan akwai ta amma ta wani yaro ce namiji, ga shi can ma ya shiga, 'yarki ba a yi mata rijista ba. Ummi ta ɗago ta kalle ni ta ce Mama ko kuskure suka yi? Ban iya ba ta amsa ba. Kafin a rufe ƙofa mun kai mu shida a bakin get riƙe da silif iri ɗaya, biyu daga ciki ma lambarsu ɗaya da tamu sak. Muna tsaye muka ji an ce su fara.

Ku saurari wannan da kyau don shi ne kashi na biyu na damfarar. Na ɗauka in na kira zan ji waya a kashe, ina, bugu ɗaya ya ɗauka. Ya yi salati, ya ce subhanallah matsalar netwok ce daga sama, kar ki damu Hajiya, ai akwai kaso 10 da ake warewa, a nan zan sa ta ko ba ta zauna ba, dubu 30 kawai za a ba mutumin kafin azahar. Wani dattijo a cikinmu da jikarsa ke kuka, kafin mu ankara ya tsallaka titi wajen mai POS ya tura. Ni ma wallahi da kuɗin na hannuna da na bayar, don a lokacin ba tunani nake ba, fuskar yarinyar kawai nake gani. Kafin la'asar an cire mu duka daga giruf, lamba ta daina shiga.

Ranar Litinin na je wajen hedimastan su Ummi, wanda tun farko shi ya kamata in fara tambaya, ya zaunar da ni ya warware min komai. Ita NECO da ke Minna jarabawa take shiryawa ta yi maki, ɗaukar ɗalibai kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke yi. Takardar amsa da fensir ake cike ta na'ura ke karantawa, babu wani Malam a WhatsApp da zai ƙara wa ɗanki maki. Kason da yake faɗa kuwa da gaske akwai tsarin, 60 cikin 100 cancanta, 30 daidaito tsakanin jihohi, 10 na buƙata ta musamman, ya ɗauko gaskiya ne ya lulluɓe ƙaryarsa da ita, amma ko ta wace ƙofa ce sai yaro ya zauna jarabawar yana da sakamako. Kuɗin rijista ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, a ba ka lambar biyan kuɗin da ake kira RRR, ba a akawun ɗin wani ko ƙaninsa ba, kuma bai kai ko kusa da abin da na bayar ba. Silif ɗin gaske daga shafin hukumar ake fitar da shi, in a kafe za a yi miki ki tsaya a kai ki ga sunan ɗanki a fuskar kwamfutar da idonki, ki karɓi bayanan shiga shafin ki riƙe, ki sake dubawa a wani wurin daban in hankalinki bai kwanta ba. Laminetin ba hujja ba ce, kowane shagon fotokofi zai yi miki.

Abin da ya fi ci min rai, hedimastan ya ce kowace jiha da 'ya'yanta ake auna ta a wancan kaso 30 ɗin, kuma mu nan ba ma cika rijistar ba kamar su Legas da ke turo yara dubbai, yarinya mai ƙoƙari irin Ummi da ta shiga ɗakin nan da wuya ta rasa. Wato tabbacin gurbin da na saya da kuɗin adashena, abu ne da ƙila da kanta za ta ciyo da fensirinta.

Mun kai ƙara wajen 'yan sanda, mun ba su lambar akawun da rasit ɗin POS da muryoyin da ya turo, sauran iyayen kuma suna haɗa takardar koke zuwa ofishin EFCC na nan Gombe. In kin tura masa kuɗi kar ki goge komai a wayarki, kuma kar kunya ta hana ki magana, shirun namu yake ci. Ba zan sa suna ko lamba a nan ba don yana canza su kamar riga, amma za ki gane shi, tambayoyi kyauta bayan la'asar, iyayena mata a bakinsa, ba ya yarda a haɗu ido da ido kullum wai yana Minna ko yana hanya, kuma giruf ɗin admin kaɗai ke iya rubutu don kar iyaye su tambayi juna. Yanzu kuma na ji ya ƙaro sabuwa, wai zai gyara sakamakon waɗanda suka zauna ko ya canza musu makaranta.

Dan Allah ku tura wa 'yan uwa na Kumo da Dukku da Bajoga da Kaltungo, don a tsohon giruf ɗin na ga lambobin mutanen can da yawa. Ummi za ta fara JSS 1 a ta jeka-ka-dawo ta kusa da mu. Tun ranar ba ta sake ambaton Bajoga ba, fensiran nan uku suna nan cikin aljihun jakarta yadda babanta ya fiƙe su.