Blackhorn 209 ko Pyrodex: amsa ga ƙanena mai sabuwar bindigar toka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaye ni wane albarushi za ka saya wa sabuwar bindigar tokarka, Blackhorn 209 ko Pyrodex. Shawarata ita ce ka sayi Blackhorn 209. Tunda bindigar taka ta zamani ce mai lamba .50, irin wadda ake tayar wa da wuta da hular 209 (ɗan ƙaramin abin da ke kunna albarushi idan aka ja kunama), kuma barewa za ka nema da ita a nan Ohio, ba na ganin akwai abin dogon tunani tsakaninsa da Pyrodex. Na san kuɗin ne ya sa ka ja baya. Ni ma ranar da na fara ɗaga kwalbar a kanti na ga farashinta, ajiye ta na yi na fita, sai bayan shekara biyu na koma na saya.

Gaskiya tsadar tana nan, ba zan ɓoye maka ba. Da can oza 10 ake zubawa a kwalbar Blackhorn, yanzu ta koma oza 8, wato rabin laba. Giren shi ne ƙaramin awon da ake auna albarushi da shi; laba ɗaya giren 7,000 ce, ka ga kwalbar tana ɗauke da giren 3,500 ke nan. Idan ka cika ma'auni zuwa layin 100, abin da ke ciki nauyinsa giren 70 ne a sikeli. Raba 3,500 gida 70, ka samu ɗuri 50. Shi kuwa Pyrodex laba cikakkiya ake sayar maka, tana ba ka ɗuri sama da 90 a wannan awon, kuma duk da haka kuɗinta bai kama ƙafar na rabin labar Blackhorn ba. In lissafin harbi ɗaya-ɗaya za a yi, Pyrodex ya yi nasara tun kafin a fara.

To amma harbi nawa za ka yi a shekara? Lokacin farautar bindigar toka a Ohio kwana huɗu ne kacal a farkon Janairu. Ka yi harbi goma sha biyar ko ashirin a filin gwaji ka daidaita madubin saiti, sannan harbi ɗaya ko biyu a daji. Kwalba ɗaya tana kai ni shekara biyu. Ka ɗora kuɗin lasisi, da takardar izinin barewa, da man mota, da ranar aikin da ka ajiye, za ka ga albarushin shi ne mafi ƙanƙanta a duk abin da ka kashe, alhali shi ne abin da komai ya rataya a kansa idan ka ja kunama.

Shekara uku da suka wuce ina cikin dajin gwamnati na Wayne, kudu maso gabashin jihar, rana ta biyu da buɗe farauta. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, sanyin da ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Tun asubar jiya ɗurin yake cikin bindiga. Wajen ƙarfe takwas sai ga barewa ta gangaro daga kan tudu, tazarar kamar yadi 90. Na yi bisimilla na ja kunama, wuta ta tashi nan take, ko jinkirin ƙiftawar ido babu. Hayaƙin bai rufe ni ba, na ga inda ta nufa da idona, na ga ta faɗi ta sake yunƙurawa. Nan ne na san abin da na biya. Ban goge bututu ba, na zuba awo na biyu da na tanada a aljihu, na ɗora harsashi, sandar ɗuri ta sauka sumul har ƙasa kamar bindigar ba ta yi harbi ba. Cikin ƙasa da minti ɗaya na shirya. Ashe ma ba a buƙaci harbi na biyun ba, na iske ta da sauran rai na yanka. Ranar na dawo gida da nama, kuma zuciyata a kwance domin dabbar ba ta wahala ba. Wannan ya fi damuna fiye da komai. Ka raunata dabba ta shige kurmi ta mutu a banza saboda ka yi tsimin 'yan daloli, abu ne da ba na so ya same ka ko sau ɗaya.

Pyrodex yana aiki, tun wajajen tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Hodgdon ke sayar da shi kuma an kashe barewa da shi ba adadi. Sai dai yana barin dauɗa, kana buƙatar goge bututu tsakanin harbi da harbi, kuma in ka kwana ba ka wanke bindiga da ruwa ba tsatsa za ta gaishe ka da safe. Akwai farar wuta a cikinsa, warinsa kan tuna mini da 'yan bindiga ranar hawan Sallah a gida. Iyakar abin da nake so game da shi ke nan.

Za ka ji ana ambaton Triple Seven, shi ma na Hodgdon ne, kamar yadda Blackhorn ɗin ya koma hannunsu a 2020. Yana tsakiya a farashi, ya fi Pyrodex ƙarfi, ba shi da farar wuta, amma da hular 209 yakan bar wani zobe mai tauri a daidai inda harsashi ke zama, har ɗuri na biyu ya ƙi sauka sai da gogewa. In aljihu ya ƙi Blackhorn ƙememe, wannan za ka ɗauka.

Blackhorn yana da sharuɗɗansa, kuma wanda bai kiyaye su ba shi ne ke zuwa yana cewa an cuce shi. Yana son wuta mai ƙarfi, saboda haka hular 209 ta harsashin bindigar tsuntsaye za ka saya, ba mai rauni da aka yi musamman don bindigar toka ba. Ka duba takardar bindigarka ka tabbatar murfin gindin bututun ya dace da garin albarushi, don wasu an ƙera su ne saboda dunƙulallen albarushi. Ramin da wuta ke bi yana tara gawayi, ka riƙa share shi. Harsashi ya zauna daram a kan garin. Wankinsa da man wanke bindiga ake yi, ba da ruwa ba. Kada ka wuce awo 120 na cikar ma'auni, in takardar bindigarka ta faɗi ƙasa da haka to ita za ka bi, kuma kada ka taɓa rikita awon cika da nauyin sikeli. In wata rana ka tsallaka Pennsylvania farautar bayan Kirsimeti, wadda bindiga mai ƙyastu kaɗai aka yarda da ita, Blackhorn ba zai tashi ba sam, sai baƙin albarushi na asali irin su Goex ko Swiss.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka kan masu sayarwa. Blackhorn yakan yi wuyar samu dab da lokacin farauta, a nan 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Za ka ga shafi a intanet da hotuna masu kyau, kowane kanti ya ce ya ƙare amma su suna da shi jibge, farashi rabi, sannan su ce ba sa karɓar katin banki sai ka tura kuɗi kai tsaye ko kirifto. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Dillalin gaskiya yana karɓar kati, kuma yana cajin kuɗin jigilar kaya masu haɗari, don doka ce ta wajabta bin hanya ta musamman wajen aika albarushi.

Ni a baje kolin bindigogi aka yi mini. Wani mutum ya sayar mini da kwalba yana rantsuwa sabuwa ce, sai a gida na ga an taɓa ɓalle hatimin, garin ciki kuma launinsa biyu. Ko gwada shi ban yi ba. Ba ka san abin da aka gauraya ba, kuma idan albarushin harsasan zamani marar hayaƙi ya shiga bindigar toka, bututun fashewa yake yi a hannun mai harbi. Kwalbar da ba ta da hatimi kada ka karɓa ko kyauta ce.

Ka nemi kwalba ɗaya tun cikin Satumba ko Oktoba kafin ta ɓace a kantuna, da fakitin hula guda. Ka ajiye ta a rufe, wuri mai sanyi marar danshi, inda yara ba sa kaiwa. Ka fara da awo 90, ka yi harbi uku a yadi 50 ka ga yadda suka taru, sannan ka matsa zuwa 100. In ka shirya zuwa filin gwaji ka yi mini magana, Asabar ba na aiki, zan zo maka da ma'aunina.