Masu yi wa ƙungiyoyi rajista a Sakkwato: inda suka iya da inda suke gazawa

Daga titin Ahmadu Bello zuwa titin Maiduguri, da wuya mutum ya wuce jerin shaguna bai ga allon da ke cewa ana rajistar kamfani da ƙungiya ba. Masu sana'ar iri biyu ne. Akwai wakilan da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ta amince da su, galibinsu lauyoyi da akantoci. Akwai kuma masu shagon kwamfuta, waɗanda ke karɓar takardu su cike a intanet, ko su miƙa wa wani wakili a ɓoye su ɗora nasu kason. Masu zuwa wurinsu su ne ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan kabu-kabu, kwamitocin masallatai da Islamiyyu, tsofaffin ɗalibai, sai kuma matasa masu goyon bayan ɗan takara idan zaɓe ya gabato.

Wajen aikin takarda, wakilan da aka amince da su sun cancanci kuɗinsu. Rajistar ƙungiya na ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020, wato rajistar amintattu (mutanen da ƙungiya ta zaɓa su riƙe dukiyarta da sunanta), kuma matakanta ba sa canzawa: a nemi amincewa da suna, wanda ake riƙe wa mai shi kwana 60, a rubuta kundin tsarin ƙungiya, a haɗa bayanin taron da aka zaɓi amintattu, a kawo hoto da lambar NIN ta kowannensu, a buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Wanda ya ce zai fito da satifiket cikin mako guda, to, ko dai sunan kasuwanci zai yi wa rajista, ko kuma takardar bogi ce. Kwanakin nan 28 babu mai iya taƙaita su.

A wurin suna aka fi yin tuntuɓe. Kalmomin Turanci masu nuna tarayya, ƙasa, jiha ko gwamnati sai da izinin hukuma na musamman, mutanenmu kuwa suna son suna mai nauyi. Wakilin kirki zai faɗa tun ranar farko. Mai shagon kwamfuta zai tura kawai, a dawo da shi, a sake biya. Na biyu shi ne saɓanin suna: Muhammadu a katin NIN, Mamman a takardar taro, Muh'd a jarida. Wannan kaɗai na iya sa a sake buga sanarwa, ga shi kuɗin jarida ba ƙarami ba ne cikin lissafin. Na uku, kundin tsari na haya, wanda aka kwafo daga wata ƙungiya aka canza suna. Yana wucewa a hukuma, amma ranar da rikicin shugabanci ya tashi sai a tarar babu inda ya faɗi yadda ake tsige amintacce, ko adadin mutanen da ya kamata su hallara kafin taro ya inganta.

Babbar gazawar kusan dukansu ita ce ta bayani. Ba sa gaya wa mutane cewa 'yancin haɗuwa ba daga satifiket yake fitowa ba. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya ba kowa damar taruwa da kafa ƙungiya. Adashen mata a Mabera ko majalisar matasa a Arkilla ba sa bukatar izinin Abuja kafin su zauna. Amfanin rajista shi ne ƙungiya ta mallaki fili da sunanta, ta buɗe asusun banki, ta kai ƙara ko a kai ta. Tana kuma zuwa da ɗawainiya: rahoton shekara-shekara da tararsa ke taruwa idan an yi sakaci, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, da bankuna ke nema. Ga kuma sashe na 839 na dokar CAMA, mai magana kan dakatar da amintattu, wanda ya tayar da ƙura a 2020, musamman daga shugabannin addini, har ya kai kotu. Da wuya ka ji wakili ya ambace shi kafin a biya.

Lamarin ya fi muni ga ƙungiyoyin siyasa. Dokar CAMA ta lissafa manufofin da ake yi wa irin wannan rajista: addini, ilimi, al'ada, wasanni, ci gaban al'umma, agaji da makamantansu. Neman ƙuri'a ba ya ciki. Sashe na 221 na kundin tsarin mulki ya ce jam'iyya ce kaɗai ke da ikon nema wa ɗan takara ƙuri'a. Abin da wasu wakilai ke yi shi ne su rubuta "tallafa wa matasa" a takarda alhali sun san aikin kamfe za a yi. An sayar wa mai tafiya Illela tikitin motar Yawuri ke nan.

Wanda kuma ya yi alkawarin mayar da ƙungiya jam'iyya daga shagonsa, a bar masa kayansa. Wannan aikin INEC ne, kuma sharuɗɗan na sashe na 222 da 223 na kundin tsarin mulki: hedikwata a Abuja, ƙofa a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, suna da tambari marasa alaƙa da ƙabila ko addini ko yanki, shugabanni daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Jam'iyyar Sakkwatawa zalla ba ta da gurbi a doka. Gaskiya ne a 2002 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Balarabe Musa ke ciki, ta hana INEC ƙara sharuɗɗan da kundin bai tanada ba, ƙofa ta buɗe. Amma daga baya an ƙara sashe na 225A, kuma da shi INEC ta soke jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020, ta bar 18, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon a 2021.  A ƙarƙashin wannan sashe, rashin cin ko da kujerar kansila ɗaya ya isa a rufe jam'iyya. Wannan soke rajista ne, ba irin haramcin da Ironsi ya yi wa NPC da NEPU da sauransu a 1966 ba: mambobi na nan da 'yancinsu, takara da sunan ce ta ƙare. Lauyan da ya kasa bambance waɗannan biyun bai kamata a ba shi aikin siyasa ba.

Ga masallaci, makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa mai dukiya, wakilin da aka amince da shi ya fi shagon kwamfuta nesa, ko da ya fi tsada. A nemi lambar amincewarsa, a sa ya rubuta kuɗin hukuma daban, na jarida daban, ladansa daban. A dage cewa imel da lambar wayar da ke cikin rajistar na sakataren ƙungiya ne, ba na wakili ba, domin da yawa nan ake riƙe musu wuya duk shekara. Kafin a cika ragowar kuɗi, a karɓi ainihin shafukan jaridun biyu, sannan a duba sunan ƙungiyar da lambarta a shafin binciken CAC.