Hattara da masu sayar da injin huɗa na bogi

Da zarar damina ta matso, sai tallan ƙaramin injin huɗa na hannu ya cika Facebook da WhatsApp. Wasu masu tallan ba su da ko noti. Bidiyon wani suke ɗauka, su sa farashi mai rahusa, su ce saura biyu kacal, a turo kafin alƙalami. Ka tura, sai a nemi kuɗin mota, daga nan lamba ta daina shiga. Wannan sayen kifi a ruwa ne. Kada ka biya ko sisi sai ka ɗora hannunka a kan injin.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu kaya a ƙasa. Tsohon inji suke wankewa, su fesa masa fenti, su manna sabuwar takarda, su ce sabo ne fil. Duba kan notuna: idan fenti ya rufe su, ko akwai sawun sifana, an taɓa kwance shi. Shafa ƙarƙashin akwatin giya, nan ake ɓoye walda. Ka tabbata lambar da aka buga a jikin inji ta dace da ta rasit.

A kan ƙarfin doki ma, wato ma'aunin ƙarfin inji, ƙarya ake shararawa. Injin fetur mai cc 196 (cc ma'aunin girman inji ne) ƙarfinsa wajen doki 6.5 ne, ko da an rubuta 12 a jikin tanki.

Ka je da bakanikenka da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, domin mai lalataccen inji yakan ɗumama shi kafin ka iso. Shuɗin hayaƙi na nufin yana cin baƙin mai, zoben fistan ya gaji. Zaro sandar awon mai. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga ciki.

Sai gwaji a ƙasa, kuma ba a rairayi ba, inda kowane inji jarumi ne. A kai shi ƙasa mai tauri, haƙoran huɗar su nutse santimita 10 zuwa 15, ya yi minti 20 yana aiki. Na bogi zai riƙa tsalle, bel na zamewa, giya na fita da kanta, haƙoran ɗanyen ƙarfe su lanƙwashe. Duk wanda ya ce ba a gwaji sai an biya, bar masa kayansa.

Tambayi kuma inda ake samun haƙora, bel da filta na wannan samfurin, ka ga ɗaya da idonka, sannan a rubuta garanti a jikin rasit tare da lambar injin.