Salon Doc Watson ko na mutanen Ailan: da wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce wata huɗu ke nan da ka sayi jita, ka fara sabawa da fik, ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, kuma kiɗan gargajiya na Ailan da Sukotlan ne ya shiga ranka. Kana tambaya ko ka bi salon bluegrass na Amurkawa tukuna, ko ka faɗa salon Ailan kai tsaye, har ka sauya ɗaurin tsirkiyarka zuwa DADGAD, wato ɗaurin da kowane harafi a sunansa yake nuna sautin tsirkiya ɗaya cikin shidan.

Tushensu ɗaya ne, duka biyun kiɗan goge ne aka ɗora wa jita. A Amurka, Doc Watson, makahon nan ɗan Arewacin Karolina da ya rasu a 2012, shi ya yi fice wajen fitar da karin goge da fik, sauti ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya rage gudu ba. A Ailan kuwa jita ta daɗe tana rakiya kawai. Arty McGlynn na garin Omagh, da faifansa na 1979, yana cikin waɗanda suka nuna za ta iya ɗaukar karin da kanta.

Inda suka rabu shi ne hannun dama. Mai bluegrass dokarsa ɗaya: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ba fashi. Fik ɗinsa mai kauri ne, milimita 1 ko fiye, domin a ji shi a tsakanin banjo da mandolin, sauran kayan kiɗa masu tsirkiya da ake haɗa shi da su. Idan ya kaɗa karin sau ɗaya, ana sa ran ya fita yawo ya zuba nasa gwanintar, sannan ya dawo.

Mutanen Ailan ba sa wannan yawon. Kowa yana kan karin tare, yawanci sashe biyu ne, kowanne a maimaita shi sau biyu, ado kaɗai ake sauyawa. Nau'in da suke kira reel yana tafiya da ƙasa-sama ɗin nan lafiya lau. Amma nau'in da suke kira jig wani abu ne daban. Bugunsa shida ne, uku-uku, kuma da yawa suna kaɗa shi ƙasa-sama-ƙasa, ƙasa-sama-ƙasa. Ka lura, ƙasa biyu sun haɗu a tsakiya, dole wuyan hannu ya ɗago fik ɗin da sauri ba tare da ya taɓa tsirkiya ba. Nan na sha wuya. Na yi makonni ina zama bayan isha'i, tafin hannun hagu a kan tsirkiyoyi don kada su yi ƙara, ina bugun tsirkiya ta uku kaɗai ina ƙirgawa a baki, har gefen fik ɗin ya cinye. Ranar da ya zauna, sai na ji kiɗan yana rangaji da kansa. Fik mai ɗan laushi, wajen milimita 0.7, ya taimake ni a nan.

Batun DADGAD kuma, Davey Graham ne ya fito da shi a farkon shekarun 1960, bayan ya ji kiɗan udi a Maroko. Tsirkiya uku ake sassautawa, ta shida da ta biyu da ta ɗaya. Daɗinsa ba a magana idan rakiya kake yi, tsirkiyoyin da ba ka danna ba suna ta amsawa a ƙasa. Sai dai duk wuraren yatsu da ka haddace a wata huɗun nan za su sauya, ka koma sabon shiga. Kuma ba dole ba ne: John Doyle, gwanin Ailan, ta shida kaɗai yakan sassauta.

Ni dai shawarata, bar ɗaurinka yadda yake. Ɗauki horon hannun dama daga mutanen bluegrass, domin sun fi kowa tsananta shi, ka yi aiki da shi a kan reel guda ɗaya na Ailan. Saurari mai goge yana kaɗa shi har ka iya rera shi da baki, sannan ka ɗauki jita. Sa manhajar ƙirga bugu a wayarka a kan bugu 60 a minti ɗaya, kada ka ƙara gudu sai ka kaɗa shi sau uku a jere ba tuntuɓe. Bayan reel biyar haka, sai ka shiga jig.